Shekarar da Muka Gyara Fankar Kan Jirgi

Na san abin da kuka tashi kuna ji game da barina aikin jirgin ƙasa. Wasu sun ce korata aka yi saboda na kusa taka mutum a Tsafe, wasu sun ce faɗa na yi da manya, ke kuma Hadiza kin taɓa gaya wa Innarku, Allah ya jiƙanta, cewa taurin kaina ne ya raba ku da Gusau. Ban musa wa kowa ba a lokacin, domin gaskiyar ta fi ƙaryar yi mini nauyi a baki. Yanzu da kowannenku ya ajiye iyali, ya kamata ku ji yadda abin ya kasance daga bakin mai shi.

A lokacin shekara biyu ke nan da aka ba mu jiharmu, ni kuma na yi shekara ashirin da biyu ina jan jirgi tsakanin Zariya da Ƙauran Namoda. Muna zaune a kwatas ɗin ma'aikata bayan tashar Gusau, inda kuke sanin zuwan jirgi tun kwanukan Innarku na motsi a kan kantar jerenta. A lokacin jiragen sun riga sun fara ja da baya, wani mako sau biyu za mu fita, wani mako sau ɗaya, amma duk ranar da na hau kan jirgi, wato injin da ke jan taragu, na ji ƙarfen ya ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafata, ba na ganin akwai wanda ya fi ni sa'a a garin nan. Na san hanyar kamar tsakar gidanmu. Na san inda dutsen Kwatarkwashi ke fara leƙowa, na san kwanar da shanu ke son tsallakawa, na san gonar da ake fara yanke gero kowace shekara. Har yau idan na rufe ido ina iya bin ta daga farko zuwa ƙarshe.

Kan jirgin da aka fi ba ni tsoho ne, kuma abin da ya fi damun kowa a cikinsa ba injin ba ne. Kukan inji mai kauri ne, a ƙirji ake jin sa, mutum yana sabawa da shi. Fankar da ke shigo da iska ɗakin direba ita ce bala'in. Tana cikin rufi, tana turo iska ta wani bututun langa-langa da bakinsa ya buɗe daidai saman kunnena na dama, kuma kukanta siriri ne mai tsini, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse ba a dainawa. In ka kashe ta da bazara, kafin ka kai Tsafe ɗakin ya zama tanda, ƙarfen birki ma ba ya taɓuwa. In ka toshe kunne da auduga, ba za ka ji usur ɗin ma'aikatan tasha ba. Sai muka zaɓi haƙuri. Ni da mataimakina Sa'idu, mutumin Wonaka, magidanci mai 'ya'ya uku da ya yi shekara shida a gefena, da hannu muke magana a hanya, ko mu ɗaga murya kamar masu faɗa.

Wannan muryar nake shigowa da ita gida. Na tuna yadda kuke watsewa idan na yi sallama, Bashir ya shige bayan randa, ƙananan su maƙale jikin Innarku. Ina ganin haka ina jin ciwo, amma ban gane ihu nake yi ba, a kunnena magana ce kawai. Da farko idan na sauka kunnen kan yi kwana ɗaya yana ƙugi sannan ya washe. Daga baya ya koma kwana biyu, daga baya kuma wata tafiyar kan riske ni bai washe ba. Duk na ɗora wa fanka. Innarku mace ce mai sanyin murya, ko kaza ba ta kora da ƙarfi, sai na riƙa yi mata faɗa cewa tana magana a ciki. Ba ta taɓa mayar mini ba. Ta dai daina zama a damana idan ta kawo abinci, ta koma hagu, ni kuwa ban lura ba sai da aka yi watanni.

Abin Tsafe da kuka ji ya faru ne a tsakiyar bazarar shekarar. Ranar kasuwa ce, tasha ta cika, muna ja da baya a hankali don mu haɗa tarago biyu na masara. Wata Bafillatana da ƙwaryar nono a kai da goyo a baya ta ga rata tsakanin taragun ta shiga za ta tsallaka. Mai haɗa taragu ya busa usur har sau uku, mutane suka ɗauki salati, ni ina kallon gabana ban ji komai ba. Sai dai na ga Sa'idu ya faɗo kaina ya danne birki. Da na sauka na zagaya, matar tana zaune a kan duwatsun layi, nonon ya malale, yaron yana kuka, tsakaninta da ƙarfen bai fi kamu biyu ba. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. A takardar da na rubuta na ce ƙarar fanka ce ta hana ni ji, Sa'idu ya sa hannu, shugaban tasha ya yarda, domin duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan ya san fankar. Ni kaina na yarda da abin da na rubuta.

Da muka koma Gusau na wuce loko, rumfar da ake gyaran kawunan jirgi, na sami Bitrus. Bitrus makanike ne, mutumin Kudancin Kaduna, ya girme ni da kaɗan, ya zo Gusau yana saurayi har Hausarsa ta koma irin tamu. Ku kun san shi da Baba Bitrus mai kawo muku shinkafa da nama ranar Kirsimeti. Na gaya masa ko dai a yi wa fankar nan magani ko wata rana ta sa in kashe rai. Ya ce sabuwa dai babu, kayan gyara sun yi wuya a ko'ina, amma in zan ba shi hannu a ranakun da kan jirgin ke kwance, zai gwada abin da ya sani.

Mako uku muka yi a kai. Ranar farko bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya sa na kunna fankar, ya ɗauki dogon sukudireba, ya kafa bakinsa a jikin ƙarfe ya ɗora kunne a kan mariƙin, yana bi wuri wuri kamar likita da mara lafiya. Da ya gama ya ce mini ba kuka ɗaya ba ne, kuka huɗu ne suka haɗu muke jin su kamar ɗaya. Boris ɗin da fankar ke juyawa a kai ya cinye. Fiffike ɗaya ya lanƙwashe, shi ya sa take jijjiga. An ɗaure ta ƙarfe a kan ƙarfe, don haka duk jijjigar tana bin rufin, bututun kuma yana amsawa kamar ganga. Na huɗun shi ne ya ba ni mamaki: ragar da ke bakin bututun an yi ta shafa mata fenti shekara da shekaru har rabin ramukanta suka toshe, iska na matsuwa tana fita da fito. Boris ya samo a jikin wani mataccen kan jirgi da ciyawa ta rufe a bayan loko. Fiffiken ya miƙe da gudumar katako, sannan ya rataye fankar a kan ƙusa yana juya ta, duk ɓangaren da ya rinjaya ƙasa ya goge shi da zarto kaɗan kaɗan har ta tsaya daidai. Ni na je kasuwa na samo tsohuwar tayar babbar mota, muka yanka ta ƙanana muka sa a ƙarƙashin kowane noti. Ragar muka ƙona fentin muka faɗaɗa ramukan, ya kuma karkata bakin bututun ya daina kallon kunnen direba.

Saura bututun. Bitrus ya ce a naɗe shi ta waje da abu mai laushi, a rufe da tamfol don kada mai ya jiƙa shi wuta ta samu abin ci. Muka ciro tsumman kujerun wani tsohon tarago, na kai gida da awon da ya rubuta mini. Innarku ce ta ɗinka rigar da basilla, kwana huɗu tana yi a tsakar gida, tamfol ɗin ya huda mata yatsu. Ke Hadiza ke kika riƙa ja mata bakinsa. Na tuna na ce mata idan an gama wannan aikin za ta huta da maimaita mini magana. Ta ɗago ta dube ni, ta ce Allah ya sa, ta mayar da kai kan ɗinkinta.

Ranar gwaji da safe muka tashi zuwa Zariya, Bitrus ya ce zai raka mu har Tsafe ya dawo a mota. Muna fita gari na kai hannu na kunna fankar. Iska ta sauko mai sanyi, ta fi ta da yawa ma. Na ga Sa'idu ya daki cinyarsa yana dariya, ya juya yana yi wa Bitrus magana ba tare da ya matso ba, Bitrus yana amsawa yana murmushi. Shekara shida ban taɓa ganin Sa'idu ya yi magana a ɗakin nan jijiyar wuyansa ba ta tashi ba. Ni kuwa kukan yana nan yadda yake, siriri, mai tsini, a kunnen dama. Raina ya ɓaci, na yi zaton suna murna ne don kada Bitrus ya ji kunya. Na sake kai hannu na kashe fankar, na ɗaga kai ina kallo ta cikin raga har fiffiken ya tsaya cik. Kukan bai tsaya ba.

Na mayar da ita na kunna, na riƙe birki, na zuba wa layi ido. Bitrus yana tsaye a damana, na ga inuwar bakinsa tana motsi a gilashi, ban san da ni yake ba sai da ya dafa kafaɗata. A Tsafe muna jiran a ba mu hanya ya ja ni gindin wata bishiyar dogon yaro a ƙarshen tasha, ya zagayo ta haguna ya tsaya.

"Malam Garba, sau uku na kira sunanka a hanya," ya ce. "Fanka ta gyaru. Abin da ya saura ba aikin makanike ba ne."

Na ce masa gajiya ce, zai washe. Bai yi gardama ba, ya ce Allah ya sa haka, amma shi ba zai gaya wa kowa ba kuma ba zai yi ƙarya ba idan an tambaye shi. Sa'idu ya biyo mu, ashe ya ji komai. Shi ya daɗe da zargin haka, tun kafin abin matar nan. Ya san saura mini shekara uku in cika lokacin ritaya, ya san ku shida ne kuma huɗu suna makaranta.

"Maigida, ni ne kunnuwanka," in ji shi. "Kai ka riƙe ido da hannu, ni in riƙe ji. Shekara ukku kamar gobe ne, ba wanda zai sani."

Na karɓa, kuma wannan ne abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin. Damina ta sauka muna haka. Ya ƙirƙiro alamu, in an busa usur sau ɗaya ya taɓa gwiwata, in sau biyu ya buga ƙarfen kujera. A tasha shi yake sauka ya karɓo umarni ya kawo mini a kunnen hagu kamar muna hira. Aikin yana tafiya. Direbobi suka fara roƙon a ba su kan jirginmu saboda shirunsa, har wani ya kawo nasa wurin Bitrus a yi masa irin gyaran. Ana taya ni murna ina amsawa. Amma duk sanda muka shigo Tsafe idona sai ya kai wurin da nonon nan ya zube, kuma duk sanda Sa'idu ya juya zai sha ruwa ko ya leƙa taga, sai in ɗora hannu a kan birki har ya juyo.

Wajen ƙarshen damina matar Sa'idu ta zo gidanmu barkar haihuwar ƙaninku Usman. A nan ta yi wa Innarku ƙorafi cewa an kira mijinta Zariya ya yi jarrabawar zama cikakken direba, abin da ya yi shekaru yana jira, ya ce ba zai je ba bana, ya ƙi faɗa mata dalili. Bayan la'asar Innarku ta aike ku gidan maƙwabta, ta shimfiɗa tabarma ta zauna a haguna da jariri a cinya. Ta ba ni labarin.

"Malam, tun bara na sani," ta ce. "In na kira ka daga ɗaki ba ka waiwayowa sai na fito. Na yi shiru don naka ne, kai za ka faɗa. Amma yanzu abincin ɗiyan wani ya shiga ciki."

Na tambaye ta ko ta san abin da take cewa, kwatas za mu bari, makarantar yara za ta tsaya, za a riƙa nuna ni ana cewa ga kurma.

"Na sani," ta ce. "Gero dai muna iya nomawa. In ka taka ɗiyan mutane fa, mi za mu noma?"

Kwana biyu ban yi mata magana ba. A na uku na sa kayan aikina, na goge takalmi, na tafi wurin likitan ma'aikata da ƙafata. Ya buga wani ƙaramin ƙarfe mai baki biyu ya kai kunnena na dama, ina ganin ƙarfen yana rawa ban ji komai ba. Na hagun ya ce ya fara bin sahu. Ya tambayi shekarun da na yi a ɗakin direba, na faɗa masa, ya girgiza kai ya ce irin wannan ba ya dawowa. Kafin wata ya ƙare aka sauke ni daga kan jirgi. Ba korata aka yi ba, ku riƙe wannan. An ma ce in zauna a ƙofar loko ina rubuta masu shiga da fita har lokacina ya cika. A nan ne taurin kan da Hadiza ta faɗa ya shigo, kuma ba ta yi ƙarya ba. Na kasa tunanin in zauna a kan benci ina kallon wani yana fita da kan jirgina. Na ajiye aikin, na roƙi Bitrus da Sa'idu da likitan kada su faɗi dalili, na gwammace a ce korata aka yi da a ce na kurumce. Da na karɓi bencin nan da kun ƙara shekara uku a Gusau, da Hadiza ta gama sakandare, da Bashir bai koma aji da yaran da ya girma ba. Sauka daga jirgi daidai ne, ban taɓa nadamarsa ba. Ƙin bencin kuskurena ne ni kaɗai, ku kuka biya, kuma ina neman ku yafe mini.

Da kaka muka kwashe kaya zuwa Karakkai, wurin Yaya Mamman, ya yanka mana gona a cikin ta gado. Karakkai, can ƙasar Bungudu, ba ta kan layin dogo. Na zaɓi hakan da gangan, ina ganin in ban ga jirgi ba zan manta, sai ya zama ban taɓa tuna shi kamar a can ba. Ina huɗa sai in duba rana in ce yanzu sun bar Funtuwa, yanzu suna shan ruwa a Tsafe. In na shiga Gusau sayen taki nakan zagaye ta wata hanya don kada in bi ta tasha, sannan in tsinci kaina a tsaye a bakin mararraba ina taɓa ƙarfen layi da tafin ƙafa ko zan ji motsi. Sa'idu ya ci jarrabawarsa a shekarar da ta biyo, ya ja kan jirgin nan har lokacin da jiragen suka daina zuwa gaba ɗaya. Ya aiko sau biyu in zo in raka shi Ƙaura, ban je ba. Yanzu da zan so zuwa, ciyawa ta rufe hanyar.

Bitrus ya zo Karakkai sau ɗaya, bayan shekara huɗu, lokacin da ya yi ritaya zai koma garinsu. Ya sauka daga babur da ƙullin goro, kansa ya yi fari fat. Muka zauna a inuwar rumbu bayan an gama sussuka, ya matso da bakinsa kusa da kunnena na hagu, wanda a lokacin yake ɗan kama magana in an daure. Ya ba ni labarin mutanen loko, wanda ya rasu da wanda ya koma gida. Ya ce kawunan jirgi biyar ya yi wa irin gyaran nan bayan namu, kuma samarin direbobin da suka hau su ba wanda ke shiga gida da ihu. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Da ya miƙe zai tafi na riƙe hannunsa, na yi masa tambayar da na yi shekara huɗu ina jin nauyin yi wa kowa. Na ce ni na yanka robar, matata ta ɗinka rigar, na zauna ƙarƙashin fankar nan damina guda, amma ban taɓa jin yadda ta koma ba. Na ce ya gaya mini yadda kukanta yake.

Ya daɗe yana tunani, kamar yadda yake yi kafin ya taɓa inji.

"Ba kuka ba ne kuma," ya ce. "Ka san in mace na sheƙar gero a gidan maƙwabta, kana ji kaɗan kaɗan ta bayan danga? To, kamar haka."

Na raka shi bakin hanya ya hau babur, ban sake ganinsa ba. Da na dawo na tarar Innarku ta fito da buhun geron da aka sussuka, ta juya wa iska baya, tana ɗaga ƙwarya sama tana zubowa a hankali, ƙaiƙayi yana tashi gefe. Na jawo turmi na kifa na zauna kusa da ita. Ta dube ni ta yi alama da hannu ko ina son wani abu ne. Na ce a'a, ta ci gaba kawai. Ina nan zaune ina kallo har ta gama buhun.